Wai dam ɗin Tiga ne ya kawo mana kachala?

Ɗan Nguru: Jama'a ni dai ina nan a kan bakana, dam ɗin Tiga da na Challawa ne suka jawo mana kachalar nan, doguwar ciyawar ruwan da ta cinye mana fadama. Da can kogin Haɗeja ƙafewa yake da rani, ƙasa ta bushe ta tsattsage, ciyawar ruwa ta mutu. Tunda aka gama Tiga a 1974 aka ƙaro Challawa a 1992 ruwa ya daina yankewa, kullum yana tafe kaɗan-kaɗan, kuma abin da kachala ke so kenan, ruwa mara zurfi da laka.

Bakano: Haba yaya, komai sai a ce Tiga? Shinkafar Kura da Kadawa da kuke ci da wane ruwa ake noma ta? Kachala ai tana nan tun kafin a yi dam, iska ce ke kwasar irinta.

Ɗan Nguru: Tana nan ƙanena, amma a ɗan lungu. Me ya hana ta cinye fadama a lokacin? Rani ne ya hana ta.

Hajiyar Gashuwa: Mu tamu matsalar daban ce. Kachala da yashi sun toshe hanyar da ruwa ke bi ya iso mana, sai ya karkata ta hanyar ruwan Marma ya cika tafkin Nguru ya haye gonakin mutanen Guri, su suna kukan ambaliya mu muna kukan ƙarancin ruwa, kogi ɗaya fa.

Baba Masunci: Yara ku bar musu, ku zo ku ga kwale-kwale ya kasa wucewa inda muke jefa taru a da. Ga tsuntsayen jan baki da ke kwana a cikin kachalar, da safe su sauka a shinkafa da gero, ga sauro, ga tsargiya a jikin yaranmu.

Na Kirikasamma: Ni na ji an ce turawa ne suka kawo irin.

Hajiyar Gashuwa: A'a ɗana, bar wannan zancen. A Senegal ma haka ta faru bayan an gina dam ɗin Diama a 1986, ruwan gishiri ya daina shigowa, kachala ta mamaye bakin kogin, har gawayi suke yi da ita yanzu.

Bakano: To na yarda dam na da hannu, amma ba za a rushe Tiga ba, garin Kano ma da shi yake shan ruwa. Kuma ina gayyar yashe hanyoyin ruwa? Sai dai a banka wa kachalar wuta, saiwa na ƙasa, ta sake tohowa.

Baba Masunci: Wuta ba ta kashe ta, sai an yanke ta a ƙarƙashin ruwa saiwar ta rasa iska ta ruɓe. Muna yi da lauje amma hannu ba zai iya da wannan faɗin ba.

Ɗan Nguru: Ba wanda ya ce a rushe. Hukumar kogin Haɗeja da Jama'are ta riƙa sako ruwa da ƙarfi da damina ya wanke laka, da rani kuma a rage ko na 'yan makonni ne fadama ta bushe.

Bakano: Masu noman rani na Kura kuma su shayar da tumatirinsu da me a 'yan makonnin?