Tsokar bayan cinya ta yage: garin furotin zan saya ko asibiti zan nufa?

Ɗan Karantina: Assalamu alaikum. Dako nake yi a Jidda, nauyina kilo 70. Makon jiya ina ɗaga buhu na ji bayan cinyata ya ce tau, wurin ya yi baƙi, amma ina takawa. Riyal 250 gare ni. Garin furotin zan saya ko asibiti zan kai su? Ana jirana a wurin aiki.

Mai Gashi: Wa alaikumus salam, sannu ɗan'uwa. Kwana biyu zuwa uku na farko kumburi ne, jiki na kwashe abin da ya lalace. Daga nan wasu ƙwayoyi da ke kwance a gefen zaren tsoka su farka, su hayayyafa, su like yagewar. Sabon naman ba shi da ƙwari sai ya yi makonni, shi ya sa mai gaggawar komawa dako yake sake yaga wuri ɗaya. Lokacin ɗora ƙanƙara a wurin ya wuce. Ka kwanta rigingine, ka danna diddige a ƙasa na daƙiƙa 10, ka saki, ka maimaita. In ya yi zafi sosai ka rage. In baƙin yana kusa da ɗuwawu, ko ka shafa ka ji rami, a ɗauki hoto a asibiti, domin wataƙila jijiyar da ke haɗa tsoka da ƙashi ce ta yage, ita kuwa ba ta samun jini kamar tsoka, ba ta warkewa da wuri.

Ƙarfen Jarwal: Gari kawai! Ludayi ɗaya furotin giram 24 ne. Babban gwangwani ya haura 300.

Abu Laban: Ina ka ga 300? Ana samu a 180. Kuma ba dole ba ne. Furotin giram 1.6 a kowane kilo na nauyin jiki, ke nan 112 a rana. Ƙwai ɗaya 6, dafaffen ƙirjin kaza giram 100 kusan 30, ga laban (nono), ga adas da ful (dangin wake). A raba sau uku ko huɗu. Burodin tamis da shayi kaɗai ba sa ɗinke tsoka.

Hajiya Ummu: Ku bar zancen farashi. Wani yaro a unguwarmu aka yi ta danna masa allurar ƙara ƙwanji a wurin ɗaga ƙarfe. Jiki ya ga ana kawo sinadarin mazakuta daga waje, ya daina yin nasa, maniyyi ya ragu. Ga aure, ga ba haihuwa, mai allurar ya kashe waya. Allah Ya isar masa.

Ƙarfen Jarwal: Hajiya, gari ba allura ba ne, daga ruwan madara ake yin sa. A bar wa masu ɗaga ƙarfe maganar.

Mai Gashi: Ɗaga ƙarfe daban, jinyar rauni daban, Malam.

Baba Mansur: A yi masa ƙaho ya ci kabsa (shinkafa da nama), gobe sai kokawa!

Mai Gashi: Baba, kar a tsaga wurin da jini ya kwanta. Kuma a yi hattara da maganin ciwo Voltaren a zafin nan: ga gumi, ga ƙarancin ruwa, ƙoda ce ke wahala. Fitsari ya koma kalar baƙin shayi, asibiti nan take.

Abu Laban: Asibiti da wace inshora? Wanda iƙamarsa (takardar izinin zama) ta ƙare fa? Dokar hana aiki a rana daga 12 zuwa 3 ma, wa yake duba ɗan dako?

Ɗan Karantina: Tawa saura wata biyu. Nawa ne hoton in ba inshora?