Na tsinci tsohuwar PS1 ɗinmu a sito, in gyara ta ko in koma emuleta?

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Satin da ya wuce Hajiyarmu ta sa mu kwashe kayan sito saboda damina, sai ga PS1 ɗinmu, injin gem ɗin nan PlayStation na farko, a ƙasan wani kwali, mai ruwan tokar nan babba, da hannu biyu da memori kad da fayafayai kusan ashirin a cikin leda. Yayanmu ne ya sayo ta gwanjo muna firamare, shi kuma Allah ya yi masa rasuwa shekara uku ke nan, to wallahi da na ɗaga ta sai da na nemi wuri na zauna. Na jona ta, ta kawo tambarin Sony da sautin nan nata, amma da an sa faifai sai ta yi ta ƙyas ƙyas ba ta wucewa, sau ɗaya Tekken 3 ya hau shi ma ya maƙale a tsakiyar faɗa. Ga shi tibin gida filasma ce hoton duk ya baje. Ɗana mai shekara tara ya ce Baba ai duk wannan akwai shi a waya. Ni so nake mu zauna mu buga da shi kamar yadda muka yi da Yaya, to in kashe kuɗi a gyara ko kawai in sa emuleta, wato manhajar da ke buga gem ɗin PS1 ba tare da injin ba, a laftof in huta?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙan Yaya ya sa ya huta. Ni gyaran kayan wuta nake yi, kafin komai juya ta ka duba lambar da ke ƙasanta. In lambar da ke bayan haruffan SCPH ta ƙare da 2 ta Turai ce wutarmu take sha, in 1 ne ta Amurka ce, in 0 ta Japan, su biyun nan wutar 100 zuwa 120 suke so sai da taransifoma, tunda dai ka jona ba ta yi hayaƙi ba ina kyautata zaton ta Turai ce ko an taɓa canza mata fawa. Ƙyas ƙyas ɗin nan kuma leza ce, wato idon da ke karanta faifai. Na farko-farkon irin su 1001 da 1002 lezar tana kusa da fawa, zafi yana cin robar da take tafiya a kai sai ta karkace, shi ya sa a gidan gem da za ka ga an kifa PS a kan cikinta ana bugawa. Ka goge idon da auduga da ɗan sifirit a hankali, ka kifa ta ka gwada. In ta karanta a kife to ka san inda ciwon yake, canjin leza ne kawai ba wani babban aiki ba. Kuma dan Allah kar ka jona ta kai tsaye a janareto ba sitabilaiza.

Amsa ta biyu:
Allah ya gafarta masa. Malam ni dai gaskiya zan faɗa maka, sa emuletar DuckStation a laftof ɗinka ka haɗa hannu biyu na USB an gama. Injin da ya fito tun 1994 yau ka gyara leza gobe wani abu ya tashi, su kansu fayafayan in kwafi ne masu farin baya da yawa sun riga sun mutu a leda. Emuleta za ta ɗaga maka hoton ya fito tas a filasmar, ka yi sebin a duk inda ka ga dama, in an ɗauke wuta batirin laftof ya riƙe ku. Yaron zamanin nan in ya ga hoto dishi-dishi minti goma zai aje hannu ya koma wayar mamansa.

Amsa ta uku:
Ban yarda da maganar hoto ba ɗan uwa. Gem ɗin nan don tibi mai ƙeya aka zana su, ita ce take haɗe ɗigo-ɗigon nan su yi laushi, a filasma ne suke muni. Sannan akwai jinkiri, ka danna sai tibin ta gama sarrafa hoton kebur mai ruwan ɗorawar nan kafin ka gani, a Tekken kuwa wannan ɗan jinkirin shi ne tsakanin ka tare duka da ka sha shi. Mai ƙeya ba ta da wannan. Ni 'yar inci 14 na samu wajen wata gwaggona tana shirin ba 'yan jari bola, yanzu ita ce a ɗakina. In dole sai filasma to aƙalla ka shiga saitin ka kunna mata yanayin gem.

Amsa ta huɗu:
Ƙarin bayani kan ta Turai, tana sabunta hoto sau 50 ne a sakan ɗaya, ta Amurka da Japan sau 60, gem da yawa ba a daidaita su ba sai su yi nauyi da kusan kashi ɗaya cikin shida, Tekken 3 na ciki. To in ka sa na Amurka a emuleta ka ji ya fi wanda ka sani gudu ba laftof ɗinka ba ce.

Amsa ta biyar:
Duk kun tsallake abu mafi muhimmanci, memori kad ɗin nan. Gida 15 ne a ciki kuma ina da yaƙinin akwai sebin ɗin marigayi, wataƙila har da sunan da ya rubuta da hannunsa. Kar ka bari yaro ya yi sabon sebin a kai ko ya goge wani abu. Kunna injin ba faifai za ta kai ka inda ake duba kad ɗin, ba ruwan wannan da leza. In kana da wanda yake da PS2 mai Free McBoot, manhajar da ke ba da damar kwafar fayil daga kad, ana iya kwafe su a zuba a filas a ajiye, daga baya ma a juya su su hau emuleta. PS2 ɗin kuma tana cin fayafayan PS1, sai dai kad ɗin PS1 take so wajen sebin ba nata mai 8MB ba. Ni da ni ne zan yi duka biyun, emuleta don bugun kullum, injin kuma a gyara a riƙa fito da shi ranar Juma'a da yamma ko da sallah in 'yan uwa sun taru, lezar ma sai ta fi daɗewa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, amin ga addu'o'inku. Na duba 1002 ce, na kifa ta kuma wallahi Tekken ya hau har muka yi zagaye huɗu da yaron, ya cinye ni biyu da danne-danne kawai. Kad ɗin ma na buɗe, gida tara a cike, akwai na Crash da na Winning Eleven, na zare shi na sa a durowa tukuna. Mai gyara dan Allah lezar 1002 ana samunta sabuwa ko sai dai a ciro daga wata tsohuwar? Kuma wanda yake da PS2 ɗin nan a cikin Kano ya yi min magana ta inbos in kawo kad ɗin ranar Asabar.