Wanda ya fasa ƙwai a kan takardar sirri: a ɗaure shi ko a gode masa?

Baba Akawu: Salamu alaikum 'yan zaure. Jiya bayan isha'i na ji yara a ƙofar gida suna yabon Snowden, Ba'amurken nan da ya fallasa takardun sirrin leƙen asirin ƙasarsa, kamar wani waliyyi. Ni dai ra'ayina ba ya canzawa. Duk wanda gwamnati ta ba amanar takardar sirri ya fitar da ita, a gurfanar da shi a hukunta shi, ko da abin da ke cikin takardar gaskiya ne. Shekara 35 na yi ina aikin gwamnati a nan Kano, rantsuwa muka yi kafin a bar mu mu taɓa wasu fayiloli. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Ɗan Kwari: Wa alaikumus salam Baba. To in a cikin fayil ɗin sata aka rubuta fa?

Baba Akawu: Akwai hanya. Ka kai wa na gaba da kai.

Ɗan Kwari: In na gaba da kai ne ɓarawon fa, ranka ya daɗe?

Tsohon Soja: Alhaji ka bar dariya. Ni da Baba nake. Ku tuna farkon 2019, bayan 'yan ta'adda sun kwace Baga a ƙarshen Disamba. Daily Trust ta buga labarin shirin da sojoji ke yi na kwato garin, sojoji suka dira ofishinta na Maiduguri da na Abuja. Kowa ya yi ca a kan soja. Ni ban ce rufe gidan jarida daidai ba ne, gwamnati ma da kanta ta ce su janye. Amma wanda ya ɗauki wannan shiri daga ciki ya miƙa waje, ya san 'ya'yan wasu ne za su hau motocin nan? Wanda bai taɓa kwana a rami ba, magana ba ta yi masa wuya.

Barista: Yallaɓai, a wannan ban ja da kai ba. Shirin kai hari da ba a kai ba tukuna, sirri ne na gaske. Amma maganar Baba ta fi wannan faɗi, cewa ya yi duk takarda. Kuma Baba, da girmanka, dokar ƙasar nan ma ta bar wannan matsayi. Gaskiya ne dokar sirrin gwamnati ta 1962 tana nan, ɗaurinta na iya kai shekara 14. Sai dai dokar 'yancin samun bayanai da Jonathan ya sa wa hannu a 2011, a sashe na 27, ta ce waccan tsohuwar dokar ba za ta ci ma'aikacin da ya fitar da bayani ba tare da izini ba, matuƙar yana da dalilin yarda cewa bayanin na nuna karya doka, ko almundahana, ko haɗari ga lafiyar jama'a. Sashe na 28 kuma ya ce don an buga wa takarda hatimin sirri, wannan kaɗai bai isa a hana fitar da ita ba.

Baba Akawu: 'Yata, wannan a takarda ne. Je ki gwada a ofis ki gani.

Barista: Ai shi ke nan Baba, ka shigo layina. Ka ga ke nan ba doka ce ke hukunta mai fallasa ba, manya ne.

Anti Nas: Ku ba ni dama, don ni maganar nan ba sai mun je Amurka ba. A 1996, lokacin annobar sankarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana, nan cikin garin nan. Yara kusan 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su ba maganin ba. To gwamnatin tarayya ta kafa kwamiti, ya gama rahoto a 2001, rahoton ya yi ɓatan dabo. Shekara biyar ba wanda ya gan shi, sai a 2006 da wani ya miƙa wa jaridar Washington Post. A 2007 gwamnatin Kano da ta tarayya suka shiga kotu, a 2009 aka yi sulhu da Kano a kan dala miliyan 75. Baba, don Allah ka amsa mini: wanda ya fitar da wannan rahoto, shi ma a ɗaure shi?

Ɗan Kwari: Baba ya yi shiru. Ko caji ne ya ƙare?

Baba Akawu: Ina nan. Alwala na je.

Anti Nas: Ban ma gama ba. A ƙarshen 2010, cikin wasiƙun ofisoshin jakadancin Amurka da WikiLeaks, kafar nan mai wallafa takardun sirri, ta saki, akwai wadda ta ce wani jami'in kamfanin ya gaya wa 'yan ofishin jakadanci cewa an sa masu bincike su tono laifin Antoni-janar na lokacin, Michael Aondoakaa, don a matsa masa ya janye ƙara. Kamfanin ya musanta. Amma ko ma mene ne, mu da abin ya faru a garinmu ba mu da hakkin ji? Ta hannun Manning waɗannan wasiƙu suka fita, ƙaramin ma'aikacin sojan Amurka a Iraƙi. Hukuncin da aka yanke a 2013 shi ne shekara 35, daidai da shekarun aikinka Baba. Sai a 2017 Obama ya rage.

Tsohon Soja: Hajiya, a cikin wannan buhun da kike yabo akwai takardun yaƙin Afghanistan da aka saki da sunayen 'yan ƙasar da suka taimaka wa sojojin ƙawance. Takardun Manning kusan 700,000 ne. Wa ya karanta 700,000 kafin ya miƙa? Wannan ba fallasa ɓarna ba ne, kifar da rumbu ne don ana neman ɓera.

Anti Nas: Wannan kam na karɓa.

Malam Liman: Allah ya shirye mu. Ina ta karantawa. Malam Akawu yana da madogara: aya ta 83 cikin Suratun Nisa'i ta zargi masu yaɗa labarin aminci ko tsoro da zarar ya zo musu, ba tare da sun mayar da shi ga masu jagoranci ba. Amma ku tuna ƙissar Haɗib ɗan Abi Balta'a. Ya rubuta wa Ƙuraishawa wasiƙa yana sanar da su shirin fita zuwa Makka, aka tsare wasiƙar a hanya. Sayyidina Umar ya nemi izinin sare wuyansa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai da ya fara tambayarsa me ya sa ya aikata. Ya ce iyalinsa yake tsoro wa a Makka. Aka saurare shi, aka yafe masa saboda yana cikin mutanen Badar. Laifi dai laifi ne, ayoyin farkon Mumtahana sun sauka a kai. Amma an tambaye shi dalili.

Barista: Allah gafarta Malam, ka taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Dokar leƙen asiri ta 1917 da Amurka ke tuhumar su Snowden da ita ba ta ba wanda ake tuhuma damar kare kansa da cewa don amfanin jama'a ya yi ba. Tambayar kawai: ka fitar ko ba ka fitar ba? Shi ya sa Snowden yake cewa ba zai samu shari'ar adalci ba, yana Rasha tun 2013. Alhali shirin tattara bayanan kiran wayar Amurkawa da ya tona, kotun ɗaukaka ƙara ta ce ya saɓa doka a 2015, majalisarsu ma ta sauya dokar a shekarar. Sannan ku dubi Janar Petraeus, tsohon shugaban CIA, hukumar leƙen asirin Amurka. Ya ba marubuciyar tarihinsa littattafansa masu bayanan sirri. Ko kwana ɗaya bai yi a gidan yari ba, ɗaurin talala na shekara 2 da tarar dala 100,000.

Ɗan Kwari: Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Ni kuma nan gida abin da ke ba ni mamaki, a 2016 ma'aikatar kuɗi ta ce ka kwarmata ɓarawo a ba ka kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari. Aka gano dala miliyan 43 a wani gida a Ikoyi a 2017. To gwamnati na biyan mai kwarmato da hannun dama, tana riƙe da dokar 1962 a hagu. Ba ma sai na ambaci wani bidiyo da...

Malam Liman: Alhaji, mun yi alkawari ban da siyasar gida a zauren nan.

Ɗan Kwari: Na janye, Allah gafarta Malam.

Baba Akawu: To bari in faɗi wani abu, tunda Hajiya ta tsare ni. Wata shekara aka kawo mini fayil na gyaran rufin wasu azuzuwa, aka ce in buga hatimin sirri in sa a durowa. Rufin azuzuwa! Na san ƙauyen, garin kakannina ne ta wajen uwa, na kuma san ba a kafa ko kwano ɗaya ba. Na kai wa na gaba da ni kamar yadda na ce muku. Bayan wata biyu aka yi mini canjin wurin aiki. Ban kai wa 'yan jarida ba, kuma har yau ina ganin da na kai da na karya rantsuwa.

Anti Nas: Yaran fa, Baba?

Baba Akawu: Damina uku suka yi a gindin darbejiya.

Tsohon Soja: Wannan ba sirri ba ne Baba. Ni ko a bariki ba za mu kira shi sirri ba.

Baba Akawu: Hatimin dai iri ɗaya ne da na naku, Yallaɓai. Barista, wannan sashe na 27 ɗin, turo mini shi in karanta da idona. Ki ƙara girman rubutun.