Dutsen da aka jefa sama ya ɗaure min kai

Assalamu alaikum, malamai da yayyena masana fiziks, ku agaza min, ina shirin WAEC ne.

An jefa dutse sama da gudun mita 20 a daƙiƙa, ana neman gudunsa bayan daƙiƙa 3, g (yawan gudun da jan ƙasa ke rage wa abin da aka jefa sama a kowace daƙiƙa) kuma 10 ne. Na yi amfani da v = u − gt (v gudun da ake nema, u gudun farko, t lokaci), sai na samu −10. Sau uku ina gogewa har takardar ta huje, amsar ba ta sauya ba. Yaya gudu zai kasa sifili? Ko alamar ragin tana nufin ya juyo ƙasa ne?

Wanda ya fi damuna ma: a daƙiƙa ta 2 dutsen ya kai ƙololuwa, gudunsa sifili. Malaminmu ya ce akselareshan ɗinsa, wato saurin sauyawar gudunsa, har lokacin 10 ne. Abin da ya tsaya cak, ta yaya gudunsa ke sauyawa?