Wace sabuwar dabara kuka shigo da ita a kasuwancinku?

Mai shagon kayan masarufi, Zariya: Assalamu alaikum. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ciniki ya ja baya, kowa na neman mafita. Waɗanda suka gwada wani sabon abu, don Allah ku ba mu labari: kaya kuka canza, ko yadda kuke aiki, ko yadda kuke sayarwa?

Mai yaji, Kano: Wa alaikumus salam. Yajina yana nan yadda yake, ƙunshin na canza. Da a manyan robobi nake zubawa, mata su taya su wuce. Sai na tuna yadda madarar Cowbell ta shiga gidajen talakawa tun 1993 a 'yan ƙananan ledoji, lokacin da madarar gari sai mai kuɗin gwangwani. Na koma ƙulla na ɗari-ɗari. Ribar kowane ƙulli kaɗan ce, amma kaya ba sa kwana, kuma masu shaguna na sara.

Tela, Katsina: Ni janareta ne ke cinye ribata. Na sa sola, amma ta keken ɗinki da fitila kawai. Guga na koma na gawayi.

Ɗan Kantin Kwari: Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ne ya tilasta min karɓar tiransifa da POS. Daga nan na fara ɗora hoton atamfa a WhatsApp. Yanzu kwastoma tana Maiduguri za ta zaɓa, ta biya, in kai kaya tasha. Rabin masu sayena ban taɓa ganin fuskarsu ba.

Ma'aikacin kamfanin abin sha, Kaduna: Alhaji, a wurinmu ba a zuba jari kan sabon abu gaba ɗaya. Ana ware kuɗi kaɗan, a gwada a gari ɗaya, a saurari 'yan sari, sannan a faɗaɗa ko a janye. Ku dubi M-Pesa ta Kenya, tsarin tura kuɗi ta wayar hannu. An fara gwada ta ne don biyan ƙananan basussuka, sai aka lura mutane junansu suke tura wa kuɗi. Da kamfanin sadarwa na Safaricom ya ƙaddamar da ita a 2007, kan tura kuɗin ya gina ta. Sauraron nan shi ne abin da yawancinmu ke tsallakewa.

Mai shagon kayan masarufi, Zariya: Na gode, Malam. Hajiya mai yaji, da injin liƙe leda kike rufe ƙullin ko da kyandir? Ina so in gwada da sukari da garin kwaki.