Tsohon ginin bakin teku a Zanzibar: in kai Hajiya ko in haƙura?

Abban Hanifa: Assalamu alaikum. Wata mai zuwa zan je Zanzibar da maiɗakina da mahaifiyata. Akwai tsohon ofishin jakadancin Ingila a bakin teku, a unguwar Shangani, inda aka ajiye gawar Baturen nan mai yawon bincike David Livingstone a 1874, aka mayar da shi gidan abinci. Hajiya ba ta iya hawa bene, kuma ba ta zama inda ake shan giya. In kai su? Nawa zan tanada?

Ɗan Kurna: Wa alaikumus salam. Ka je Forodhani, kasuwar abincin dare ta bakin teku, bayan magariba. Gasasshen kifi da ruwan rake, dala 5 ka ƙoshi.

Maman Sultan: Dala 5 a ina? Sai da na biya 15, kifin ma ɗumame ne.

Alhaji Tela: Ɗan'uwa, ka yi hattara da tsofaffin gine-ginen nan. Ni wani daban na shiga, na dutsen murjani, ƙofarsa sassaƙaƙƙiya, kyau kam ba magana. Muka ce kifi, ba a faɗa mana awo ake yi ba. Mun zauna har isha'i ta wuce, yara na gyangyaɗi. Da takarda ta zo, dala 90! Na nemi mai gidan, aka ce ya fita. Autana ya kwana yana amai, washegari jirgin ruwan Darussalam ya tafi ya bar mu. Har yau abin na raina.

Ɗan Kurna: Allah Ya kyauta, Alhaji, amma ai ba gidan da ake tambaya ba ne.

Alhaji Tela: Kai da ka je kai kaɗai da jaka a baya, za ka ba mai iyali shawara?

Baffa Sabo: Abban Hanifa, uwa da mata a teburi ɗaya? Kan kifin wa za ka miƙa wa?

Maman Sultan: Ku bar ta kifi. Tun Oktoban 2024 duk baƙo sai ya sayi inshorar dala 44, ko da yana da tasa. Ku uku, 132 ke nan.

Malama Rabi: Wannan mai sauƙi ne, Maman Sultan. Mai fasfon Najeriya ba a ba shi biza a filin jirgi, sai an tantance shi tun daga gida. Tawa ta fito bayan ranar tafiya ta wuce, kuɗin otal ya bi ruwa.

Abban Hanifa: Na gode. To maganar benen fa?

Malama Rabi: Ka fara nema wa Hajiya bizar tukuna. Yaushe ka cike takardun?