Sitiyari yana karkarwa in na kai gudun 100, wa ya taɓa fama da wannan?

Mai Farar Mota:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata biyu ke nan motata ta tsiro da wani hali. A cikin gari lafiya lau take, amma da allura ta haura 90 sai sitiyari ya kama karkarwa a hannuna, tsakanin 100 da 110 kuwa har madubi rawa yake. In na ƙara wuta sai abin ya ɗan lafa. Sau biyu ina yin balansin, wato daidaita nauyin taya da 'yan guntayen dalma, na biyun ma a wani wuri daban, duk kanwar ja ce. Don Allah wanda ya taɓa gamuwa da irin wannan ya gaya mana abin da ya tarar a ƙarshe.

Direban Dogon Zango:
Wa alaikumus salam. Malam, ni sau uku na yi balansin kafin na gane asarar kuɗi nake yi. Wani dattijo mai faci ne ya warware min. Bai ko kalli na'ura ba, ya ɗaga gaban motar da jak, ya ajiye dutse dab da tayar, ya juya ta da hannu ya ce in zuba ido. Duk zagaye ɗaya sai wani ɓangare na tayar ya matso kusa da dutsen ya koma. Ashe wayoyin ƙarfen da ke ƙarƙashin zanen sun saki roba, wurin ya yi tudu, taya ta koma kamar ƙwai. Ya ce na'urar balansin nauyi take daidaitawa, ba ta mayar da taya zagayayya, ko dalma nawa za a manna mata.

Da ya faɗa sai na tuna cewa ko a gudun 20 motar tana wani ɗan ɗingishi, ni kuma na ɗora laifin a kan hanya. Tayar ta hannu na saya, zanenta ya ruɗe ni. Dattijon ya nuna min lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT a gefenta: 1816. Wato sati na 18 na shekarar 2016 aka yi ta. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba. Ka duba naka.

Maman 'Yan Biyu:
Ni nawa abin dariya ne. Na bi wata hanya mai taɓo bayan ruwan sama, washegari sitiyari ya fara rawa, hankalina ya tashi har na fara lissafin kuɗin gyara. Laka ce ta bushe a cikin rim ta gefe ɗaya. Mai wankin mota ya kankare ta, shi ke nan. Ka leƙa ciki kafin ka sake biyan kowa.

Tsohon Bakanike:
Yarona, kafin a ci gaba da lissafo maka cututtuka, amsa min waɗannan. A ina kake jin rawar? In a hannu ce, yawanci daga ƙafafun gaba take. In a kujera ko ƙasan mota kake ji, nemi ta baya. Sannan yaushe take zuwa? Na taɓa karɓar motar wani da ya canza tayoyi huɗu sababbi fil saboda karkarwa, ya dawo yana faɗa. Da muka fita gwaji tare sai na ga ba ta yi sai ya taka birki daga gudu. Faifan birki ne ya lalace, tayoyin da ya zubar ba su da laifin komai. Har yau ina jin takaicin wannan asara kamar aljihuna ta taɓa.

Karkarwar taka da ke zuwa a wani gudu na musamman ta tafi, ta fi kama da ta taya ko rim. Gwajin da ba ya cin ko sisi: mayar da tayoyin gaba baya, na baya gaba, kowacce a gefenta. In rawar ta bar hannunka ta koma kujera, ka kama ɓarawonka. In ta tsaya inda take, a ɗaga motar ka kama tayar sama da ƙasa ka girgiza, sannan ka kama hagu da dama. Wasa sama da ƙasa yakan nuna boris (abin da ƙafar mota ke juyawa a kansa) ko boljoyin (mahaɗin da ke riƙe ƙafar), na hagu da dama kuma tayirod (sandar da ke haɗa sitiyari da ƙafar). Shi boris in ya mutu ba ya ɓoye kansa, gurnani yake yi mai ƙaruwa da gudu, yana sauya murya in ka karya kwana.

Kuma kada wani ya tura ka alaimen, wato saitin ƙafafun mota su miƙe daidai, a kan wannan. Alaimen in ya goce, mota ja take yi gefe, taya ta cinye ta baki ɗaya. Ba kasafai yake kawo karkarwa ba.

Ɗan Koyo:
Baba ya gama magana, amma bari in ƙara wanda ya kusa kai ni lahira. An yi min faci, yaron shagon ya ɗaura tayar yana hira da abokinsa, ni ma ina kan waya ban kula ba. Bayan kwana biyu sitiyari ya fara kaɗawa, ina jin ƙwas-ƙwas daga ƙafar hagu. Na ce bari dai in isa gida. Allah ya sa na fasa, na tsaya gefen titi. Noti biyu da yatsa na juya su, ramukan rim ɗin har sun fara faɗi. Tun ranar ina tsaye ake ɗaure min, a tsallake-tsallake kamar zanen tauraro, kuma in na yi tafiyar kilomita 50 zuwa 100 sai na sake bin su da sifana.

Alhajin Tasi:
Ba a kan karkarwa ba ne kai tsaye, amma ku yi haƙuri in faɗa. Na shekara ana dura min iska 50 saboda mai facin yana karanta lambar da ke jikin taya. Waccan lambar iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce. Abin da motar ke so yana kan takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, tawa 32 aka rubuta. Mota ta riƙa tsalle a kan kowane ɗan tudu, tsakiyar tayoyin ya suɗe, gefuna na nan da zanensu. In iska ta yi kaɗan kuma gefunan biyu ne ke cinyewa. Yanzu da gejina nake yawo, da safe nake aunawa kafin taya ta ɗau zafi.

Direban Dogon Zango:
Alhaji, ai kai ka yi sa'a ba ta fashe maka a rami ba.

Mai Farar Mota:
Jama'a na gode, Allah ya saka da alheri. Ga yadda aka ƙare. Hajiya, na leƙa, babu laka. Shekarun tayoyin ma da sauƙi, duka na 2022 ne. Sai na bi shawarar Baba na juya su, ai kuwa hannuna ya huta, kujera ta karɓi rawar. Muka cire ta dama da ta koma baya, muka kwantar da ita, sai ga bakin rim ɗin ta ciki ya lanƙwashe, wurin da ba a gani in tana jikin mota. Nan na tuna wani rami da na faɗa da daddare kwanaki kaɗan kafin abin ya fara. Abin haushin, dalma jere aka manna a daidai wurin, wato masu balansin ɗin sun ga na'ura tana ta neman ƙari, babu wanda ya tsaya ya tambayi dalili.

Na canza rim ɗin, aka sake balansin, jiya na kai 110 shiru kake ji. Saura abu ɗaya, Baba: yanzu da rawar ta tafi na lura tana ɗan ja dama in na sassauta hannu. Ramin nan ne ya taɓa alaimen ɗin shi ma?

Tsohon Bakanike:
Zai iya. Amma fara auna iskar tayoyin gaba biyun tukuna, in ta dama ta fi ƙaranci ita ma za ta ja ka. In sun yi daidai, shafa bakin tayar ta ciki da tafin hannu ka gaya min abin da ka ji.